Abuja zuwa Jos: jirgi ko mota? Lissafin nisa, lokaci da kuɗi tsakanin filayen jirgin biyu

Tsakanin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja da na Yakubu Gowon da ke Heipang, kudu da garin Jos, nisan kusan kilomita 190 ne idan aka bi ta sama kai tsaye. Jirgi yakan gama da shi cikin minti talatin zuwa arba'in. Ta ƙasa kuwa, daga ƙofar wannan fili zuwa ƙofar wancan, ana maganar kusan kilomita 300, tafiyar awa biyar zuwa shida idan hanya ta yi daɗi. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce ai magana ta ƙare, mai hali ya hau jirgi, marar hali ya nufi tasha.

Sai dai ba wanda yake kwana a filin jirgi ya tashi a can. Mutum daga gidansa yake fitowa, a Kubwa ko Lugbe ko Mararaba, kuma inda za shi wata unguwa ce, Rikkos ko Anguwan Rogo ko Bukuru, ko ma Mangu da Pankshin. Idan aka yi lissafin daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, tazarar da ke tsakanin jirgi da mota tana raguwa ƙwarai, a wasu unguwannin ma mota ce take riga isa. Wannan lissafin nake so mu yi tare, domin na ga mutane da yawa suna zuba kuɗi mai nauyi a tikiti don su sayi awa ɗaya tak, wasu kuma suna shiga motar haya ranar da bai kamata su yi wasa da lokaci ba.

Ma'aunin da za a ɗora kowane zaɓi a kai

Na farko shi ne lokaci, amma na gaskiya: daga sa'adda ka kulle ƙofarka har zuwa sa'adda ka yi sallama a inda za ka. Na biyu kuɗi, shi ma gaba ɗayansa, har da motar da za ta kai ka filin jirgi da wadda za ta ɗauko ka, da kuɗin kayan da suka haura awo. Na uku shi ne tabbas, wato idan ka tsara isa Jos ƙarfe biyu na rana, wane ne zai cika maka alkawari a yawancin ranaku. Wannan ma'auni shi aka fi mantawa da shi, alhali a wannan layi ya fi sauran muhimmanci. Sai kaya da lafiyar jiki: me za ka ɗauka, kuma jikinka zai jure zaman awa biyar a takure? Na ƙarshe haɗari, na hanya da na tsaro.

Kafin a shiga zaɓuɓɓukan, akwai abu guda game da inda filayen biyu suke zaune wanda shi ke juya lissafin duka.

Inda filayen suke

Filin jirgin Abuja yana yamma da birnin, kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari ta babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya ratsa Lugbe da Gosa. Jos kuwa tana arewa maso gabas, hanyarta ta shataletalen AYA da ke Asokoro take fita, ta gangara Kugbo, ta wuce Nyanya, Mararaba, Masaka, har Keffi. Ke nan duk wanda ya bar tsakiyar Abuja ya nufi filin jirgi don zuwa Jos, bayansa ya ba Jos ɗin. Mazaunin Karu ko Nyanya ko Mararaba sai ya ratsa birnin gaba ɗaya, kuma da safe yana cikin cunkoson ma'aikata masu shiga gari, wanda kowa ya san yadda yake cin rai. Da a ce gabas ya juya, hanya a buɗe take a gabansa, domin da safe layin fita daga Abuja ba shi da nauyi. Kafin mai jirgi ya kai shataletalen shiga fili, shi ya wuce Keffi.

A ɓangaren Filato, filin Yakubu Gowon yana Heipang ne, cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi, kusan kilomita 30 kudu da Jos. Mai zuwa Taminus da ke tsakiyar garin Jos, Bauchi Road, Gangare ko Jami'ar Jos sai ya fito Mararabar Jama'a, ya ratsa Bukuru da Dadin Kowa, ya ƙara minti arba'in da biyar zuwa awa guda. Amma mai zuwa cibiyar nazarin manufofi ta NIPSS da ke Kuru, ko cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da ke nan Heipang ɗin, kusan a bakin ƙofa aka ajiye shi. Haka mai wucewa Mangu, Bokkos ko Pankshin: filin yana kan hanyarsa, ba sai ya shiga Jos ba.

Jirgi

A ɗauki mutumin da ke Wuse yana son zuwa Taminus. Minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya kafin ya kai filin jirgi. Ana so ya isa da awa ɗaya da rabi kafin tashi, don karɓar takardar shiga jirgi, auna kaya da bincike. Tafiyar sama, daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta, a ce minti arba'in. Jiran jaka minti ashirin, filin Heipang ƙarami ne ba a daɗewa. Sai shiga gari. Idan aka tara, awa huɗu ne ko da 'yan mintuna. Wannan fa idan jirgin ya tashi a lokacin da aka rubuta.

Tafiyar ita kanta babu wahala. Da ƙyar ma'aikatan jirgi suke gama raba ruwa kafin matuƙi ya sanar da fara sauka. Filin Abuja yana kimanin mita 340 sama da teku, na Heipang kuwa kusan mita 1,290, saboda haka ta taga za ka ga ƙasa ce take tasowa tana taryen jirgin: duwatsu jibge kan juna, gonakin dankali, da tafkunan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, ruwansu kore shar. Da an buɗe ƙofa iskar Filato za ta shaida maka ka bar Abuja. Wanda zai sauka a watan Disamba ko Janairu ya riƙe rigar sanyi a hannu, kada ya cusa ta cikin jakar da aka auna.

Matsalar jirgi a wannan layi ita ce ƙarancinsa. Abuja zuwa Jos ba kamar Abuja zuwa Legas ko Kano ba ne, inda idan wannan ya wuce ka wani na tafe bayan awa biyu. Layi ne gajere, fasinjansa kaɗan, don haka kamfanoni suna shiga suna fita. Max Air da ValueJet suna cikin waɗanda suka ɗauki layin a shekarun nan. Ko lokacin da ake yi, ba lalle a samu kowace rana ba, kuma idan an samu galibi sawu ɗaya ne. Wani lokaci manhajar sayar da tikiti za ta nuna maka hanyar Jos ta Legas, wato ka yi kudu ka sauka ka jira, sannan ka dawo arewa. Wannan ba zaɓi ba ne ga mai fitowa daga Abuja, kuɗin ninki ne, yinin kuma ya tafi.

Sannan ga yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana rage gani har a dakatar da sauka. Da damina kuma, musamman Yuli da Agusta, gajimare yakan kwanta a kan tsaunin, ga hadari da tsawa da rana tsaka. Jiragen fasinja da rana suke sauka Heipang, saboda haka jinkirin da ya ja zuwa yamma sau da yawa sokewa ce ƙarshensa. Abin da ya fi ciwo a nan shi ne, wanda aka soke wa jirgi ƙarfe huɗu na yamma ya rasa jirgin, ya kuma rasa mota, domin lokacin kama hanyar Jos ya riga ya wuce. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA sun ba fasinja haƙƙi: abin taɓawa idan jinkiri ya kai awa biyu, damar karɓar kuɗinsa idan ya kai awa uku, da masauki idan abin ya kai dare. Yana da kyau mutum ya san wannan ya kuma nema, amma mayar da kuɗi ba ya mayar da ɗaurin auren da aka shafa fatiharsa ba ka nan.

Kuɗi: tun Fabrairun 2022 da kamfanonin cikin gida suka ɗaga mafi ƙarancin tikiti zuwa Naira 50,000 farashi bai sake komawa baya ba, zuwa 2024 kuwa tikitin zuwa kaɗai da ya haura Naira 100,000 ya zama ruwan dare. Gajartar tafiya ba ta sa a yi maka ragi mai yawa, domin harajin fili da kuɗin tashi da sauka duk ɗaya ne ko ina za ka. A ƙara kuɗin motar zuwa filin Abuja, wanda shi kaɗai yakan kai ko ya zarce kuɗin kujerar motar haya daga Abuja har Jos, a kuma ƙara na fitowa daga Heipang. A nan akwai sauƙi guda: jirgin ƙasan cikin birnin Abuja, da aka buɗe a 2018 aka kuma farfaɗo da shi a Mayun 2024, yana tashi daga tsakiyar gari ya bi ta Idu har cikin filin jirgi. Mai ƙaramar jaka da ya daidaita lokacinsa da na jirgin ƙasan ya huta da kuɗin tasi. A Heipang kuwa gara ka shirya mai ɗaukarka tun kafin ka taso, don motocin da ke jira a wurin kaɗan ne kuma sun san ba ka da wata mafita.

Kaya ana ba da tsakanin kilo 15 zuwa 23 gwargwadon kamfani da irin tikiti, da ƙaramar jakar hannu. Abin da ya haura a biya kowane kilo. Ta fuskar haɗari, jirgi ya fi kowane zaɓi aminci, nesa ba kusa ba.

Hanyar da motoci suke bi

Tunda motar haya da ta gida duk titi ɗaya suke takawa, bari a bi shi sau ɗaya.

Daga tsakiyar Abuja zuwa Jos kusan kilomita 270 ne. Kashi na farko, Abuja zuwa Keffi, bai fi kilomita 50 da 'yan kai ba, amma shi ne ke iya cinye minti arba'in ko ya cinye awa biyu, ya danganta da lokacin da ka iso Nyanya da Mararaba. Da yamma, daga ƙarfe huɗu zuwa bayan isha'i, duk ma'aikatan da suka shiga gari da safe suna komawa gida ta nan. Ranar Juma'a abin ya fi muni.

Daga Keffi zuwa Akwanga, sama da kilomita 60, nan ne hanya ta fi daɗi. Tana cikin tagwayen titin Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi wanda kamfanin China Harbour ya gina, aka kuma fara karɓar kuɗin tolget a kansa a Fabrairun 2025, Naira 500 ga ƙaramar mota a lokacin da aka fara. Mai zuwa Jos ta wannan hanya ya tanadi kati don biyan tolget.

Daga Akwanga a karya hagu, nan labari ya canza. Kusan kilomita 150 na titi falle ɗaya, mai zuwa da mai dawowa suna goga kafaɗa, ta Gwantu da Fadan Karshi a kudancin Kaduna, zuwa mahaɗar Forest, sannan Hawan Kibo, Riyom, Mararabar Jama'a. Akwai wuraren da suke sumul, akwai inda gargada za ta sa direba ya koma giya ta biyu yana kauce-kauce. Gwamnatin tarayya ta sa titin Akwanga zuwa Jos, Bauchi da Gombe cikin manyan ayyukan da ta yi alkawari, kuma ranar da aka gama mayar da shi tagwaye lissafin wannan rubutu zai ƙara karkata wajen mota. Wasu direbobin tun daga Keffi suke yankewa ta Gitata, Panda da Barde su ɓullo Gidan Waya, don ta fi gajarta. Ta fi kuma kaɗaici, dazuzzuka ne masu tsawo babu gari, saboda haka ka tambayi direba ta ina zai bi kafin ka biya.

Hawan Kibo shi ne wurin da kowane matafiyi yake tunawa. A nan titi yake barin ƙasan kwari ya hau tsaunin Filato, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, gangare mai zurfi a ɗayan. Za ka ji kunnenka ya toshe, ka ji injin ya canza murya. A gabanka tirela ce ɗauke da siminti tana jan ciki, hayaƙi baƙi na fita, yaron mota yana tafe a gefenta da ƙaton katako a kafaɗa don ya kara wa taya idan ta ce za ta koma da baya. A ɗaya hannun wata na gangarowa, warin birkinta da ya ɗau zafi yana shigowa har cikin motarku. A wannan wuri ne ake gane direban kirki, wanda zai haƙura ya bi bayan tirelar har ya ga sarari, da wanda zai fizgi mota ya sha gabanta a kan kwanar da ba ya ganin abin da ke zuwa. Haɗurran da aka yi a Hawan Kibo ba su ƙirguwa, kuma yawancinsu daga tsinkewar birkin manyan motoci ne da irin wannan gaggawa. Idan direba ya fara, ka yi magana. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Malam direba, don Allah a bi a hankali, ba mu sauri." Galibi sauran fasinjoji jira suke wani ya fara. A gindin hawan kuma ga magangarar ruwan Assop, wadda mai motar kansa zai iya tsayawa ya gani.

Batun tsaro ba a ɓoye shi. An sha tare matafiya a dazuzzukan da ke tsakanin Nasarawa da kudancin Kaduna, kuma yawanci da dare ne ko da duku-duku. Akwai shingayen sojoji da 'yan sanda da yawa, suna ƙara wa tafiya mintuna, amma zamansu ya fi rashinsu. Sannan duk lokacin da hankali ya tashi a Riyom ko Barikin Ladi ko cikin Jos, akan rufe hanya ko a sa dokar hana fita. A irin wannan rana jirgi ma bai fitar da kai gaba ɗaya ba, tunda daga Heipang sai ka bi ta Mararabar Jama'a da Bukuru kafin ka shiga gari. Kiran waya guda ga ɗan'uwa a Jos da safe, ka ji ya gari ya kwana, ya fi duk wata manhaja amfani. Ƙa'idar da ban yarda a karya ba ita ce a wuce Hawan Kibo da sauran rana. Wanda bai bar Abuja kafin ƙarfe ɗaya na rana ba, ya kwana ya yi sammako.

Motar haya

Iri biyu ce. Akwai ta tasha, ƙarƙashin 'yan ƙungiyar direbobi, a Jabi, Nyanya, Mararaba da sauransu, ana lodin Sharon, Sienna da bas ƙirar Hummer. Akwai kuma ta kamfani mai ofis da rasit, irin Plateau Express ta gwamnatin jihar. Ta kamfani takan ɗan fi tsada ko ta ɗan fi jinkirin tashi, amma ana rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa, motar tana da lamba, direban yana da wanda yake jin tsoro. Kada a tsaya bakin titi a tare motar da ba a san ta ba don neman ragi, a Abuja musamman, inda 'yan fashi ke shigar burtu da motocin haya.

Tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa biyar da rabi daga cikin gari, amma agogon ba ya fara bugawa sai mota ta cika. Da asuba zuwa ƙarfe takwas lodi ba ya daɗewa. Bayan ƙarfe goma kuwa za ka ji ɗan kamasho yana cewa, "Alhaji shigo, saura mutum ɗaya," ka shiga ka tarar saura uku, ka yi awa guda kana kallon masu tallar burodi. Idan kana da hali kuma saura kujera ɗaya da gaske, biyan kuɗinta ya fi zaman jira, ga shi ka samu wurin miƙe ƙafa.

Ta fuskar kuɗi babu mai kama ƙafarta. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, duk da haka tikitin jirgi guda zai kai mutum Jos ya dawo da shi a motar haya sau da dama. Farashi yana hawa gab da sallah da Kirsimeti, da duk ranar da mai ya yi wuya. Ta fuskar tabbas ma ita ce gaba: kowace rana akwai mota, hazo ba ya hana ta tashi, idan wannan ta lalace a hanya akan yi wa fasinja canji. Kaya kuwa ciniki ne tsakaninka da masu lodi, kuma a nan ne mota ta yi wa jirgi fintinkau. Mai dawowa daga Jos da buhun dankalin Turawa, da kabeji da karas na kasuwar Farin Gada, ko acca, ba shi da abin yi a filin jirgi.

Inda take da rauni shi ne jiki da haɗari. Mutum huɗu a layin da aka yi don uku, jaka a kan cinya, tsayawa sau ɗaya a Akwanga ko Forest don sallah da abinci, kuma ba kai ka zaɓi direba ba, ba kai ka duba taya ba.

Motar gida ko shata

Wannan ne zaɓin da ya fi saurin isa ta ƙasa, awa huɗu zuwa huɗu da rabi ga wanda ya fita bayan sallar asuba, domin babu jiran lodi babu sauke fasinja a hanya. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita goma za ta sha kusan lita 27 zuwa 30 a zuwa, sai kuɗin tolget. Idan mutum huɗu ne a ciki, kowa kasonsa bai fi na motar haya da yawa ba, kuma kun isa da motar zirga-zirga a Jos. Sharaɗin shi ne lafiyar mota: birki, taya har da safaya, ruwan lagireto. Hawan Kibo yana tona asirin motar da ke zafi, gangarowarsa kuma da giya ake yi, ba a ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa. Wanda bai taɓa tuƙa hanyar ba ya nemi wanda ya saba ya zauna kusa da shi a karon farko.

Shata kuwa biyan kuɗin kujerun motar ne duka, wani lokaci da ɗan ƙari idan za a zo har gida a ɗauke ka. Ga mutum ɗaya tana da tsada, ko da yake sau da yawa ba ta kai tikitin jirgi da motocinsa biyu ba. Ga iyali ita ce mafi dacewa. Direban da wani naka ya sani ya fi wanda ka tsinta a tasha.

| Ma'auni | Jirgi | Motar haya | Motar gida ko shata |
|---|---|---|---|
| Nisa tsakanin filayen biyu | kusan kilomita 190 | kusan kilomita 300 | kusan kilomita 300 |
| Daga Wuse zuwa Taminus | kusan awa 4 | awa 4½ zuwa 5½, ban da jiran lodi | awa 4 zuwa 4½ |
| Daga Mararaba zuwa Taminus | awa 5 ko fiye | kusan awa 4, ban da jiran lodi | awa 3½ zuwa 4 |
| Daga Lugbe zuwa Kuru | kusan awa 3 | awa 5½ zuwa 6 | kusan awa 5 |
| Kuɗi ga mutum ɗaya | mafi tsada | mafi araha | tsaka-tsaki, yana sauka idan an haɗu |
| Samuwa | ba kullum ba | kullum, an fi samu da safe | duk lokacin da ka shirya |
| Kaya | kilo 15 zuwa 23 | buhu ma ana ɗauka | iya cikin but |
| Haɗari | kaɗan ƙwarai | mafi yawa | ya danganta da direba da mota |

Lokutan da ke cikin jadawalin na ranar da komai ya tafi daidai ne, babu jinkirin jirgi, babu tirelar da ta faɗi ta tare hanya.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda ya sauka Abuja daga wata ƙasa ko daga Legas da Fatakwal, yana cikin filin jirgi ke nan, kuma akwai jirgin Jos a ranar da tazarar awa uku ko fiye tsakani: ya hau jirgi. Shi ne mutumin da alƙaluman farko, minti arba'in da awa shida, suka yi wa aiki yadda suke. Idan babu jirgin Jos a ranar kuma ya sauka bayan azahar, ya kwana a Abuja ya kama hanya da safe.

Mai fitowa daga Jos don ya tari jirgin Umara ko na karatu ko na asibiti a waje, wannan shawara ɗaya ce ko ta ina zai bi: ya iso Abuja kwana guda kafin ranar. Kada ya jingina tikitin miliyoyi a kan jirgi ɗaya tilo da hazo zai iya hanawa, kada kuma ya jingina shi a kan Hawan Kibo da cunkoson Mararaba. In ya zaɓi jirgi, ya sa a ransa cewa idan ƙarfe goma sha biyu ta yi babu labari, zai fita ya nemi shata.

Dattijo, mai juna biyu da cikinta ya tsufa amma likita ya yarje mata tafiya, mai ciwon baya ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan: jirgi, ko da kuwa ba zai rage musu minti ɗaya ba, domin gargadar Akwanga zuwa Forest ce ake guje musu. Idan kuɗin bai kai ba, shata a mota mai kujera mai kwanciya, a tsaya duk inda suka buƙata.

Ma'aikacin da ke Lugbe, Kuje ko Gwagwalada da aka kira taro a Kuru ko Rayfield, ofis ne kuma zai biya: jirgi, amma ya tabbatar da na dawowa kafin ya sayi na zuwa, don ba mamaki ranar da ya gama babu jirgi sai jibi. Da yawa suna tafiya ta sama su dawo ta ƙasa, kuma tsari ne mai kyau.

Mazaunin Nyanya, Karu, Jikwoyi, Mararaba ko Masaka mai ƙoshin lafiya ba shi da dalilin sayen tikiti. Ya yi sammako ya shiga motar farko, zai yi sallar azahar a Jos. Haka ɗalibin Jami'ar Jos, haka ɗan kasuwar gwari da dankali.

Iyali mai mutum huɗu zuwa sama da za su biki ko hutun sallah: motar gida idan lafiyarta ƙalau, in ba haka ba shatar Sienna. Kuɗin tikiti biyar zai biya shatar zuwa da dawowa har a samu canjin yin tsaraba. Su bar Abuja kafin ƙarfe bakwai na safe, ranar dawowa kuma su taso daga Jos da wuri yadda za su gangara Hawan Kibo da hantsi.